BABI NA TARA: DABARUN KIRDADO WAJEN WARWARE MATSALOLIN KIMIYYA DA INJINIYANCI

9.0 Gabatarwa

Wannan babi yana cikin jerin darussan da ke gwada yadda harshen Hausa zai iya ɗaukar bayanin kimiyya ba tare da ya jingina da wani harshe ba. Abin da za a duba shi ne wata tambaya da ta daɗe tana damun masana lissafi da injiniyoyi, wato idan hanyoyin yin abu suka yi yawan da ba za a iya gwada su ɗaya bayan ɗaya ba, ta yaya za a zaɓi wadda ta fi? Ana sa ran bayan nazarin babin ɗalibi zai iya bayyana dalilin da ya sa kwamfuta, duk da saurinta, take gazawa a kan wasu matsaloli, ya kuma fayyace dabarun da aka ƙirƙiro domin kauce wa wannan gazawa, sannan ya jarraba su a kan aikin da ke jiran kowane malami, wato tsara jadawalin darussa.

9.1 Ma'anar Muhimman Kalmomi

A littattafan Turai ana kiran waɗannan dabaru da sunan "hiyuristik", kalmar da ta samo asali daga wani aikatau na Girkanci mai ma'anar ganowa. Masanin lissafin nan George Pólya, haifaffen ƙasar Hangare wanda ya koyar a Jami'ar Stanford ta Amurka, shi ne ya farfaɗo da ita a littafinsa How to Solve It na shekarar 1945.

Hausa tana da kalmomi da dama da ke kusa da wannan ma'ana, amma ba dukkansu ne suka dace ba. "Canki" sa'a ce zalla, babu sani a cikinta. "Lalube" kuwa nema ne cikin duhu. Kalmar da ta fi kusa ita ce "kirdado", domin mai kirdado yana da abin dogaro. Dillalin shanu da zai dubi sa ya faɗi abin da zai yi a kasuwa bai ɗora shi a sikeli ba, amma shekarun da ya yi a kara sun sa ba ya yin nisa da gaskiya. Saboda haka a wannan babi "dabarar kirdado" tana nufin duk wata hanyar nema da ke kai mutum ga amsa mai kyau cikin ɗan lokaci, ba tare da ta yi alkawarin cewa babu wata amsar da ta fi ta ba.

Kalma ta biyu ita ce "neman mafifici". Kowace matsala ta wannan nau'i tana da rukunai uku: zaɓuɓɓukan da ake da su, da sharuɗɗan da ba a ƙetarewa, da kuma ma'aunin da za a ce da shi wannan zaɓi ya fi wancan. Injiniyan da ke zana gada yana neman fasalin da zai ci ƙarfe mafi ƙaranci, bisa sharaɗin gadar ta ɗauki nauyin da aka ƙayyade. Nauyin ƙarfen shi ne ma'auni. Za a ga nan gaba cewa wannan rukuni na uku shi ne ya fi kowanne haɗari.

9.2 Dalilin da ya sa Ba a Gwada Komai

Misalin da masana suka fi amfani da shi ana iya kiransa matsalar ɗan koli. Ɗan koli yana so ya ci kasuwannin wasu garuruwa, kowanne sau ɗaya, ya komo gida, kuma yana neman zagayen da ya fi gajarta. Idan garuruwan biyar ne har da nasa, zagaye 12 ne kawai ake da su, kuma ɗan firamare zai iya auna su. Idan goma ne, zagayen sun zama 181,440. Idan suka kai ashirin, adadin shi ne 60,822,550,204,416,000. Kwamfutar da ke auna zagaye biliyan ɗaya a kowace daƙiƙa sai ta yi kusan shekara biyu kafin ta gama da su. Da an ƙara garuruwa biyar kacal suka zama 25, aikin zai ɗauke ta kusan shekara miliyan goma. Wanda kuwa ya yi niyyar zagaya manyan biranen jihohi 36 na Nijeriya da Abuja, zaɓin da ke gabansa adadi ne mai lambobi 42 a jere.

Abin lura a nan shi ne, sayen kwamfuta mafi sauri ba ya maganin wannan ciwo. In an sami wadda ta ninka ta farko sau dubu, garuruwa biyu ko uku kawai za a ƙara kafin a sake cijewa.

Wannan ba yana nufin masana sun naɗe hannu ba ne. A shekarar 1954 George Dantzig da Ray Fulkerson da Selmer Johnson sun gano zagaye mafi gajarta na birane 49 na Amurka, suka kuma kawo hujjar lissafi cewa babu wanda ya fi shi. A shekarar 2006 wata ƙungiya da ta haɗa da David Applegate da Robert Bixby da Vašek Chvátal da William Cook ta yi irin wannan aiki a kan wurare 85,900, waɗanda ba ma garuruwa ba ne, ɗigogi ne a kan ƙwaƙwalwar lantarki. Sai dai lissafin ya ci lokacin da, in an tara shi, ya kai kimanin shekara 136 na aikin kwamfuta guda. Tun a shekarar 1972 Richard Karp ya nuna cewa akwai gungun matsaloli masu wuya da ke ɗaure da juna, ta yadda duk wanda ya samo hanya mai sauri ta warware ɗaya ya warware sauran, kuma matsalar ɗan koli tana cikin wannan dangi. A shekarar 2000 Cibiyar Lissafi ta Clay ta sa ladan dala miliyan ɗaya ga wanda ya tabbatar da akwai irin wannan hanya ko babu. Har yanzu ba wanda ya karɓa.

Injiniya kuwa ba zai jira ba. Na'urar da ke huda dubban ramuka a allon lantarki, da motocin da ke rarraba kaya a birni, da madubin hangen taurari da ake juyawa daga wannan tauraro zuwa wancan cikin dare guda, dukkansu 'yan koli ne, kuma gobe da safe ake bukatar amsarsu.

9.3 Dabarar Kwaɗayi da Dabarar Gyara

Kirdado mafi sauƙi shi ne mutum ya nufi wuri mafi kusa da shi a kowane mataki. Masana suna kiran wannan dabarar kwaɗayi, domin tana cafke ribar da ke gabanta ba ta duban abin da zai biyo baya.

A ɗauka wani jami'in duba makarantu zai ziyarci makarantu huɗu da ke kan titi guda miƙaƙƙe. Makaranta A tana kilomita 1 gabas da ofishinsa, B tana kilomita 2 yamma, C tana kilomita 5 gabas, D kuma tana kilomita 10 yamma. In ya bi kwaɗayi zai fara da A (kilomita 1), ya juyo B (3), ya koma C (7), ya sake juyowa D (15), sannan ya komo ofis (10). Jimla kilomita 36 ke nan. Da ya gama da gabas gaba ɗaya sannan ya nufi yamma, kilomita 30 zai yi. Kowane mataki da ya ɗauka daidai ne a kan kansa, amma tafiyar ta ƙaru da kashi ɗaya cikin biyar. Bahaushe ya riga ya ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Gwaje-gwajen da aka yi a kan garuruwa masu yawa da aka warwatsa barkatai sun nuna wannan dabara takan ba da zagayen da ya ɗara mafi gajarta da kimanin kashi 25 cikin ɗari.

Akwai wani nau'in nema da ke gyara kwaɗayi ta hanyar haɗa abin da aka riga aka kashe da kirdadon abin da ya rage. A shekarar 1968 Peter Hart da Nils Nilsson da Bertram Raphael na Cibiyar Bincike ta Stanford suka fito da shi domin wani mutum-mutumi mai suna Shakey ya riƙa nemo hanyarsa tsakanin ɗakuna. Sun sa masa suna A*. A kowace mararraba ana tara nisan da aka riga aka yi da nisan miƙaƙƙen layi zuwa inda aka nufa, sai a fara bincika hanyar da jimlarta ta fi ƙanƙanta. Sun kuma tabbatar da cewa muddin kirdadon bai taɓa wuce nisan gaskiya ba, hanyar da za a samu ita ce mafi gajarta. Wannan yana cikin wurare ƙalilan da kirdado ke zuwa da tabbaci.

Dabara ta gaba ita ce a fara da kowace amsa, ko da maras kyau ce, a riƙa yi mata ƙananan gyare-gyare, duk gyaran da ya rage tsawo a karɓe shi. Alal misali, in layuka biyu na zagaye suka gitta juna, a warware su a sake ɗaurawa. G. A. Croes ya bayyana wannan a 1958, sannan Shen Lin da Brian Kernighan suka inganta shi a 1973 har ya riƙa kusantar mafifici da 'yan kaso kaɗan cikin ɗari.

To amma dabarar gyara tana da wani babban aibi, kuma fahimtar wannan aibi ita ce zuciyar babin nan. A ƙaddara mutum yana neman wuri mafi tudu a wani daji ranar da hazo ya rufe ko'ina, ba ya ganin abin da ya wuce taku ɗaya. Dokarsa ita ce ya taka duk inda ya ji ƙasa ta ɗaga. Zai yi ta hawa har ya isa inda kowane ɓangare gangare ne, sai ya tsaya ya ce ya iso. Mai yiwuwa kuwa a kan suri yake tsaye, tsaunin yana can gaba. Kafin ya kai ga tsaunin dole ya fara sauka, dokarsa kuma ta hana shi sauka. Wannan shi ake kira tarkon ƙaramin tudu, kuma kusan duk dabarun da suka biyo baya hanyoyi ne na kuɓuta daga gare shi.

9.4 Darasi daga Maƙera

Maƙeri ya san cewa ƙarfen da aka gasa ya yi ja, in aka tsoma shi cikin ruwa nan take, yakan yi tauri amma ya zama mai saurin karyewa. In kuwa aka bar shi cikin toka ya huce a hankali, sai ya yi laushi ya karɓi masaba. Bayanin kimiyya shi ne, zafi yana sa ƙwayoyin zarra na ƙarfen su yi ta motsi. Sanyin gaggawa yana kama su a duk inda ya same su, sanyin sannu kuwa yana ba su damar jeruwa cikin tsari mafi natsuwa.

A shekarar 1983 wasu masana uku na kamfanin IBM, Scott Kirkpatrick da Daniel Gelatt da Mario Vecchi, suka wallafa maƙala a mujallar Science inda suka mayar da wannan hikima dabarar lissafi. Sun gina ta a kan wani tsari da Nicholas Metropolis da abokan aikinsa suka fitar a Los Alamos a 1953. Wani masani a Bratislava, Vladimír Černý, ya kai ga irin wannan tunani shi kaɗai, aikinsa ya fito a 1985.

Yadda dabarar take shi ne, duk gyaran da ya kyautata amsa ana karɓarsa, kamar dai a da. Bambancin yana ga gyaran da ya ɓata amsa, domin shi ma wani lokaci akan karɓe shi, gwargwadon wani adadi da ake kira "zafi". Idan zafin ya ninka ɓarnar da gyaran zai yi sau goma, damar karɓarsa kusan 90 ce cikin ɗari. Idan zafin da ɓarnar suka yi daidai, damar takan sauko zuwa 37 cikin ɗari. Idan zafin ya koma kashi ɗaya cikin biyar na ɓarnar, damar ba ta kai ɗaya cikin ɗari ba. Ana farawa da zafi mai yawa, mai neman ya yi ta yawo yana hawa yana sauka, sannan a riƙa rage zafin kaɗan-kaɗan har ya daina yarda da gangare. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Duk wahalar aikin tana ga saurin sanyayawa. In aka gaggauta, an koma tarkon suri. In aka yi jinkiri ainun, an cinye lokacin da ake son tsimi. Babu wata ƙa'ida guda da ta dace da kowace matsala, sai an yi ta gwadawa, kamar yadda ɗan maƙeri ke koyon launin wuta da ido. Su Kirkpatrick sun yi amfani da dabarar wajen shirya sassan ƙwaƙwalwar kwamfuta ta yadda wayoyin da ke haɗa su za su gajarta, kuma har yau ana amfani da ita a wannan fanni.

9.5 Darasi daga Zaɓen Iri

Manomi yakan ware zangarniyar da ta fi cika ya ajiye domin irin baɗi. Bai san ilimin gado ba, amma shekara bayan shekara amfaninsa yana dacewa da ƙasarsa. John Holland na Jami'ar Michigan ya shimfiɗa irin wannan tsari ga kwamfuta a littafin da ya wallafa a 1975. Maimakon amsa guda, ana riƙe da tarin amsoshi. Ana auna kowace, a zaɓi masu kyau, a haɗa wani sashe na wannan da wani sashe na waccan a sami 'ya'ya, a kuma jefa ɗan canji na ba-zata nan da can. Ana maimaita wannan zuriya bayan zuriya. Tun da amsoshin suna warwatse a tuddai daban-daban, maƙalewar ɗaya ba ta tsayar da sauran.

Shahararren misali ya fito daga hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA. A ranar 22 ga Maris, 2006, ta harba wasu ƙananan taurarin ɗan'adam guda uku a shirin da ake kira ST5, ɗauke da eriyar da wannan dabara ta zana. Jason Lohn da Gregory Hornby da Derek Linden ne suka jagoranci aikin. Eriyar 'yar ƙarama ce, ba ta wuce faɗin santimita biyu da rabi ba, kuma kamanninta kamar wayar da yaro ya lanƙwasa da wasa. Babu injiniyan da zai zana irinta da hannu, amma ta cika sharuɗɗan da aka gindaya. Abin da ya fi jan hankali shi ne, da aka canza hanyar da taurarin za su bi a sama, bukatun eriyar suka canza, sai masanan suka gyara ma'auni suka sake sakin kwamfutar, cikin kimanin wata guda aka sami sabuwa.

Akwai wasu dabarun da aka kwaikwayo daga halittu. Marco Dorigo, a kundin digirinsa na uku a birnin Milan na Italiya a 1992, ya kwaikwayi tururuwa, wadda ke barin wani sinadari a hanya, ta yadda gajeriyar hanya ke tara sinadarin da sauri har ayarin ya koma kanta. James Kennedy da Russell Eberhart kuma sun kwaikwayi garken tsuntsaye a 1995. Daga nan sai abin ya zama yayi, aka yi ta fito da dabarun ƙudan zuma da na jemage da na kyarkeci. A shekarar 2015 Kenneth Sörensen na Jami'ar Antwerp ya yi kakkausar suka cewa da yawansu tsofaffin dabaru ne aka sauya wa riga. Sukar tana da tushe, kuma ta shafi malamin harshe kai tsaye: kamance hanya ce ta fahimtarwa, ba hujja ba ce. Kyan labarin tururuwa ba ya nuna dabarar ta fi wata, gwaji ne kawai ke nunawa.

9.6 Iyakokin Kirdado

Iyaka ta farko ita ce rashin tabbaci. Dabarar za ta miƙo amsa, amma ba za ta faɗi nisan da ke tsakaninta da mafifici ba. Akwai 'yan kaɗan masu alkawari, kamar ta Nicos Christofides ta 1976, wadda zagayenta ba ya wuce ninki ɗaya da rabi na mafi gajarta. Ta biyu, David Wolpert da William Macready sun nuna a 1997 cewa in aka haɗa dukkan matsalolin da za su iya kasancewa, babu dabarar nema da ta fi wata. Ke nan fifikon dabara yana zuwa ne daga dacewarta da matsalar da ke hannu, kuma sanin matsalar aikin mutum ne.

Iyaka ta uku ta fi sauran girma. Kwamfuta tana bin ma'aunin da aka rubuta mata ne, ba niyyar da ke zuciyar mai rubutawa ba. A shekarar 1996 Adrian Thompson na Jami'ar Sussex a Ingila ya sa dabarar zaɓen iri ta shirya wata da'irar lantarki da za ta bambance sauti biyu, mai kaɗawa 1,000 da mai kaɗawa 10,000 a daƙiƙa. Da'irar ta yi aiki, kuma da sassa kaɗan ƙwarai. Da aka bincika sai aka ga wasu sassan ba a ma haɗa su da hanyar fitar saƙo ba, amma in an cire su aikin yakan lalace. Da aka mayar da tsarin wani gefe na allon, ko zafin wurin ya canza, sai ya raunana. Ashe dabarar ta jingina ne da wasu halaye na wannan allo guda a wannan yanayi guda, domin ba wanda ya gaya mata ana son abin da zai yi aiki a ko'ina.

9.7 Jadawalin Darussa

Sabon malami ba ya daɗewa a makaranta kafin a sa shi cikin kwamitin jadawali, kuma a nan zai haɗu da 'yar'uwar matsalar ɗan koli. A shekarar 1976 Shimon Even da Alon Itai da Adi Shamir sun tabbatar da cewa tsara jadawalin makaranta, a cikakkiyar surarsa, yana cikin dangin matsalolin nan masu wuya. Saboda haka kwamitin da ya kwana uku yana gogewa yana sake rubutawa ba sakaci ya yi ba.

Matakin farko shi ne raba sharuɗɗa gida biyu. Akwai na dole: malami ɗaya ba zai kasance a aji biyu a lokaci guda ba, ɗakin gwaje-gwaje ɗaya ba zai ɗauki aji biyu ba, ranar Juma'a kuma gajeriya ce. Akwai na so: kada darasi ɗaya ya zo sau uku a rana, kada malami ya yi darasi biyar a jere. Mataki na biyu shi ne a fara da abin da ya fi ƙarancin zaɓi, kamar malamin da ke zuwa kwana biyu kawai a mako, ko darasin da ke bukatar ɗakin gwaje-gwaje. D. J. A. Welsh da M. B. Powell sun bayyana makamanciyar wannan dabara a 1967, inda ake fara sanya darasin da ya fi yawan karo da wasu. Mataki na uku shi ne a ba kowane sharaɗi na so makin tara, a riƙa musanya darussa biyu-biyu ana duban ko jimlar tarar ta ragu. In aka cije, kada a ji tsoron karɓar musanyar da ta ɗan ɓata lissafi domin ta buɗe wata ƙofa.

Makin tarar nan kuwa mutane ne ke yanka shi. A makarantu da dama akan ga darasin Hausa ya faɗa ƙarshen rana, lokacin da yara suka gaji suna jin yunwa, sai a ce haka jadawali ya fito. Jadawalin bai fito da kansa ba. An ba sanya Lissafi da rana tara mai nauyi, ba a ba sanya Hausa da rana tara ko ɗaya ba, sai lissafin ya tura ta inda babu mai kare ta. Malamin Hausa da ke son darasinsa ya sami safiya ko sau biyu a mako, a zaman da ake yanka makin zai yi magana, tun kafin a ja layi na farko a kan allo.

9.8 Aikin Yi

1. Bambance tsakanin canki da lalube da kirdado, tare da sanya kowace kalma cikin jimla.
2. A misalin jami'in duba makarantu, a ƙara makaranta E mai nisan kilomita 22 gabas da ofis. Lissafa tsawon tafiyar dabarar kwaɗayi, ka kwatanta da zagaye mafi gajarta.
3. Bayyana tarkon ƙaramin tudu ga ɗaliban aji uku na ƙaramar sakandare da wani misali naka, ban da na hazo da suri.
4. Samo jadawalin makarantar da ka yi koyarwar gwaji, ka fitar da sharuɗɗansa na dole da na so, sannan ka nuna darasin da aka fi tauyewa da kuma musanya biyu da za su rage tauyewar.